Saki Hancin Yaron Nan, Uwargida

'Yan uwana mata, uwargida da amarya, da ku 'yan mata 'yan makaranta da kuke karɓar aron wannan mujalla hannu zuwa hannu har bangonta ya yage. Yau na ajiye zancen lalle da turaren wuta da girkin tarbar maigida, na ɗauko zancen wanda ya fi maigidan rigima a cikin gida, wato jariri, musamman ranar da aka ce to, ya isa ya fara cin abinci.

Duk wadda ta tashi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kai ko ma ina ne a ƙasar Hausa, ba sai an yi mata bayanin ɗura ba. Uwa za ta zauna bisa kujera 'yar tsugunno, ta kwantar da yaro a cinya, ta matse ƙafafunsa da nata, ta tara tafin hannu a bakinsa tamkar mazurari, ta dinga tsiyayo koko daga moɗa. Da ya datse baki sai ta toshe masa hanci da yatsa. Dole ya buɗe bakin don neman numfashi, shi ke nan koko ya sami hanya. Yaro na shure-shure, maƙoshi na ƙara, ido ya kaɗa ya yi jawur, in an gama a ɗaga shi sama a girgiza, a hure masa fuska, a ce madalla, yau kam ya sha da yawa. Maƙwabta suna jiyo kukan ta katanga amma ba mai leƙowa, don kowa ya san ɗura ake yi, kuma kowa da ita aka raine shi.

Ban ce mai ɗura muguwar uwa ce ba, wallahi ko kusa. So ne ya kawo haka, da tsoron kada ɗa ya kwana da yunwa, ga kuma aiki ya sha mata kai, surfe na jira, ba ruwa a randa, ga sanwar dare, ina ta ga lokacin zama lallashin wanda ko magana bai iya ba? Sai dai so ɗin ba ya canza yadda Allah ya halicci maƙogwaro. Hanya biyu ce a wurin, ɗaya ta bi zuwa ciki, ɗaya ta bi zuwa huhu, kuma akwai ɗan murfi da ke rufe ta huhun duk lokacin da mutum zai haɗiye. Yaron da ke tsala kuka, an toshe masa hanci yana fafutukar jan iska, hanyar huhunsa a buɗe take, saboda haka abin da aka zuba yana iya bin ta can. Idan kaɗan ne, bayan kwana biyu sai ki ga zazzaɓi da tari da haƙarƙari na faɗawa, a kai shi asibiti a ce nimoniya ce. Idan da yawa ne, a nan kan cinyar uwa ake rasa shi, sai a ce ai dama kwana ne ya ƙare, wasu kuma su fara hararar tsohuwar maƙwabciya da zargin maita.

Ko da Allah ya tsare bai ƙware ba, ya dai koyi darasi guda, cewa abinci faɗa ne. Da ya hango moɗa sai ya fara banƙarewa, uwa kuma ta ce ɗan nan nawa ba ya son abinci sai an ɗura masa, alhali ɗurar ce ta sa ya tsani abincin. Ga kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Abu mai ruwa-ruwa kaɗai ake iya ɗurawa, ba a ɗura tuwo, ba a ɗura wake ko ƙwai. Don haka sai a tsinke koko ya zama tsararo don ya wuce da sauri. Cikin ɗan wata shida zuwa takwas kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofin shayi guda a zama ɗaya. An cika shi da ruwan gasara, ciki ya yi tulu, uwa ta ji daɗi, shi ko jiki bai sami abin gina tsoka da jini ba, sannan an tare wurin da nono zai shiga, nonon da ya fi wannan kokon amfani nesa ba kusa ba.

A can Ingila akwai wata mata mai suna Gill Rapley, ta taɓa yin aikin ungozoma, kuma ta yi shekaru tana cikin malaman lafiya masu bi gida-gida duba jarirai. Su Turawa ba sa toshe hanci, amma suna da tasu ɗurar ta cokali, a markaɗa abinci ya yi lilis, a ɗaure yaro a kujera, a yi ta cusa masa yana kau da kai. Sai ta lura cewa yaran da aka ƙyale suka ɗauki abinci da hannunsu ba sa wannan rigimar. A 2008 ita da wata mai suna Tracey Murkett suka fitar da littafi a kan haka, ya bazu duniya, har ga shi matan birni suna ta tura wa juna a waya kamar sabon yayin atamfa. Gundarin maganar ba shi da tsawo. Idan yaro ya kai wata shida, a zaunar da shi tare da mutanen gida lokacin cin abinci, a ajiye masa abu mai laushi da zai iya damƙa, shi zai ɗauka, shi zai kai baki, shi zai san ya ƙoshi, nono kuma yana nan ana ba shi kamar da. A kula da wani abu fa. Kalmar da Turawan suke amfani da ita, in aka juya ta kai tsaye sai ta fito da ma'anar yaye, shi ya sa wasu suka ɗauka wai cewa ake yaro ya yaye kansa a wata shida. A wurinsu fara cin abinci take nufi. Mu kuwa yaye shi ne cire yaro daga nono, kuma wannan da saura, sai shekara biyu kamar yadda addininmu ya nuna, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce, shekara biyu ko fiye.

Abin dariyar shi ne mu na ƙauye mun riga su. Wace ce ba ta taɓa ganin yaro zaune a cinyar kakarsa ana cin tuwo, ya miƙa hannu ya dumbuza, ya shafe fuska da miyar kuka ba? Tsohuwa ta yi dariya ta ce ku ga mijin nan nawa ya fara ƙwace, ta gutsura masa 'yar loma. Sai dai mun ɗauki wannan a matsayin wasa, ɗurar kuma ita ce ci na gaskiya. Ni a ganina juya abin ya kamata a yi, hannun yaron ya zama shi ne gaba, ɗura kuma a binne ta.

Amma ba da wuri ba. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa wata shidan farko nono ne zalla, ko ruwa ba a haɗawa, domin shi kansa nonon mafi yawansa ruwa ne, ko a zafin bazara yana kashe ƙishirwa muddin ana bayarwa a kai a kai. Na san nan ne ake daga da su Inna, masu cewa hana jariri ruwa alhaki ne, ga dauri, ga jiƙe-jiƙe. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Ruwan rijiya da na rafi da ake ɗura wa ɗan wata biyu, shi ne sau da yawa yake kawo zawon nan da daga baya muke laƙaba wa haƙori.

Idan wata shida ya cika, sai ki dubi yaron kansa. Yana iya zama, ko da an ɗan tokare shi da matashi? Wuyansa ya tsaya, kai ya daina langaɓewa? Yana bin lomarki da ido yana kai cafka, in ya kama abu sai baki? In abu ya shiga bakin ya daina turo shi waje da harshe? To ya isa. Rashin haƙori ba ya hanawa, dasashin jariri da ƙarfinsa, duk mai shayarwar da aka taɓa datsa ta san haka. Kada kuma a ja lokaci a ce sai ya yi wata tara ko goma. Akwai sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, jariri yana tahowa da guzurinsa daga cikin uwa, guzurin nan kuma wajen wata shida yake ƙarewa, nono ba shi da wanda zai ishe shi daga nan. Wancan bincike na 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yaran ƙasar nan 'yan wata shida zuwa shekara biyar.

To me za a ba shi? A littattafan soyayya, da jaruma ta haihu sai ki ga Alhaji ya turo direba da katan-katan na Cerelac, har 'yan mata suna ganin raino ba ya yiwuwa sai da gwangwani. Ke dai duba abin da ke kasuwar Sheme da ta Ƙanƙara da ta Dandume. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar noma ce, masara da dawa da wake da waken suya da gyaɗa da dankali duk a ƙofar gida suke fita.

Ɗauki dankalin Hausa, a dafa shi ya yi luguf, a yanka a tsaye kamar tsawon yatsarki da kaurinta. Dalili kuwa, ɗan wata shida da dukan tafi yake damƙa, abin da ya leƙo saman hannun shi yake ci, ƙananan gutsattsari sai wajen wata tara lokacin da ya iya tsinta da yatsa biyu. Haka za ki yi wa kabewa da dafaffen karas da ayaba nunanniya da gwanda da mangwaro marar zare. Gwajin guda ɗaya ne, ki matsa tsakanin babbar yatsa da manuniya, in ya murƙushe ba wahala to dasashi ma zai iya, in ya ƙi a mayar da shi tukunya. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta zogale nasa ne. Alale nasa ne, da awara mai taushi wadda ba a soya ta ƙandare ba, da waken da ya dahu ya farfashe aka dame shi. Kifi sai kin bi shi da yatsa kin tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Nama sai wanda ya dahu ya saki aka yayyage, in da hali a samo 'yar hanta ko da sau ɗaya ne a mako, don ita ce sarauniya wajen ƙarin jini.

Sai ƙwai, wanda camfi ya hana 'ya'yanmu ci, wai in an ba yaro zai tashi da sata. Ɓarayin shanun da suka hana mu barci dai ba ƙwai ne ya lalata su ba. Abin takaici, kaza tana yin ƙwai a gida, a tara a kai kasuwa a sayo alawa da biskit. A dafa shi ya dahu sosai har gwaiduwar, ko a yi wainarsa a yanka a tsaye a miƙa masa. Gyaɗa ma ana ba shi, amma a niƙe, a dama cikin kunu, bayan an tsince masu funfuna da ɗaci an zubar. Wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640, aka fitar a 2015, ya nuna cewa saba wa yaro da gyaɗa tun yana ƙarami yana rage yiwuwar jikinsa ya ƙi ta nan gaba. In dai kin ba shi sabon abu kika ga borin jini ko fuska ta kumbura ko numfashi ya canza, a tsayar, a nufi asibiti.

Nasa kason kuma ki ɗebe shi tun kafin ki zuba gishiri da dunƙule da barkono da kanwa. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwari ba, gishirin da zai shiga cikinsa a yini bai kamata ya kai giram 1 ba kafin ya shekara, ƙwayar dunƙule ɗaya kuwa ta haura haka. Lemon kwalba da sukari ba nasa ba ne, shayi ma haka, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen nan da muke nema. Zuma kuwa, duk da albarkarta, a jira sai ya cika shekara. Akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta, hanjin babba yana fin ƙarfinta, na jariri ba ya iyawa, sai ta saki dafi jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, wani lokaci har numfashi ya gagara.

Na san abin da ke ranki tun ɗazu, 'yar uwa. In ya shaƙe fa? Tambaya ce mai kyau, kuma an bincika ta. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an bi jarirai 206, wasu suna ci da hannunsu, wasu ana ba su da cokali, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna masu ci da hannu ba su fi sauran shaƙewa ba. Amma da sharaɗi, domin iyayen nan sai da aka zaunar da su aka koya musu abin da za su bayar da wanda za su hana. Ke ma sai ki riƙe.

A zaune zai ci, bayansa a miƙe, ba a kwance ba, ba a goye ba, ba kuma yana rarrafe da abu a baki ba. Babba ya kasance a gabansa ido a kansa har ya gama, ba ki ajiye masa ki shiga madafa ba. Kada kowa ya sa masa abu a baki, har da yayyensa masu son yi masa gwaninta. Duk abu mai tauri ko mulmulalle a nisanta shi, gyaɗa guda da gurjiya da aya da gugguru da gasasshiyar masara, magarya da kurna, dabino da ƙwallonsa, alawa, rake, ɗanyen karas, tsire da ganda. Ɗanwake ma, da yake ga santsi ga dunƙulewa, sai an murƙushe shi.

Ki kuma san bambancin kakari da shaƙewa, don nan ne uwa take firgita ta ɓata abu. A kwanakin farko za ki ga ya turo harshe, fuska ta yi ja, yana tari yana yunƙurin amai, sai abin ya fito ya ci gaba da harkarsa kamar ba shi ba. Wannan kariya ce Allah ya yi masa, da haka yake koyon girman lomar da zai iya. Ki daure ki ƙyale shi, kada ki zura yatsa kina lalube, sai ki tura abin can ciki. Shaƙewa ta gaskiya shiru take zuwa, ba kuka, ba tari, ido ya firfito, leɓe ya fara canza launi. In kin ga haka kada ki tsaya salati da neman ruwa. Kifa shi a kan hannunki, ki tallabe haɓarsa, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, kina dubawa ko ya fito. In bai fito ba ki juyo shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, sau biyar. Ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya ruga neman mashin zuwa asibiti. Wannan ya kamata kowace mace ta iya, ko da cokali take ba ɗanta, don ƙwallon magarya ba ya neman izini.

Yanzu ga inda na sha bamban da matan waya masu cewa a sakar wa yaro komai. Ɗan Landan in ya watsar da rabin abincinsa a ƙasa akwai wani a firji, kuma ana ɗora shi a sikeli a kai a kai. Mu a nan fa? Binciken 2018 ya nuna wajen yara shida cikin goma a Jihar Katsina sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Bayan nan kuma kowa ya san abin da ya same mu. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunan garin, amma gonakin da aka bari ba shuka da matan da suka gudo da goyo suka rakuɓe a kangwaye da azuzuwan firamare, su ba wanda ya ƙirga su a rediyo. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma katse layin waya na wani lokaci. Inda aka kore shanu da awaki, kindirmo da nama sun zama sai mai hali. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar kaɗai, waɗanda suka iya kaiwa asibiti ke nan.

A irin wannan wuri ba za a dogara da hannun jariri shi kaɗai ba, domin a watan farko da na biyu abin da yake shafawa a kai da wanda kaji ke tsincewa ya fi wanda ya haɗiye. Sai a haɗa uku, ga nono, ga abin damƙa a gabansa, ga kunu mai kauri da cokali. Amma cokalin ma da ladabinsa. Ki kawo shi kusa da baki ki jira, in ya buɗe ki ba shi, in ya kau da kai ki dakata, ki yi masa wasa, ki sake gwadawa, in ya ƙi ki bari sai an jima. Wani lokaci ki cika cokalin ki miƙa masa ya kai da kansa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023 ma a kan haka suka tsaya, a ciyar da yaro ana lura da alamun yunwarsa da ƙoshinsa, ba tilas. Bakwaini, da wanda bai iya zama ba, da wanda ya rame ko yake jinya, su kam cokalin ne gaba, tare da shawarar malaman asibiti.

Kunun kuwa ba tsararon nan ba. Ki auna gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A soya kowanne daban sama-sama, a ɓarza waken a sheƙe dusar, a murje gyaɗar, a haɗa a kai inji. Shi ne garin da malaman asibiti suke kira Tom Brown. A dama shi ya dahu sosai, ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube ba, a sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, in akwai garin busasshen kifi ko na zogale a barbaɗa. In kina ganin ya yi masa kauri, kada ki ƙara ruwa. Jiƙa 'yar dawa ta tsiro, ki shanya ki daka, ki zuba ɗan kaɗan cikin kunun yana da ɗumi, za ki ga ya saki da kansa alhali ƙarfinsa na nan, sai ki mayar wuta ya ɗan tafasa. Ɗan wata 6 zuwa 8 sau biyu ko uku zai ci a yini, daga wata 9 sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kwanonsa daban, don in kin haɗa shi da yayye, kafin ya gama juya loma ɗaya sun suɗe kwanon, ke kuma ba ki san abin da ya ci ba.

Masu cewa almubazzaranci ne, ai ba tulawa za a yi ba, yanka biyu ya isa, in ya cinye a ƙara. Ki shimfiɗa tsabtatacciyar leda ko faranti babba a ƙarƙashinsa, a kore kaji. Hannunki da nasa a wanke da sabulu, tunda yanzu hannun nan shi ne cokalinsa. Abincin da ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin nan namu sai an sake tafasa shi. In ya yamutsa fuska ya tofar da kabewa yau, kada ki yanke hukuncin ba ya so, wani yaron sai an kawo masa abu sau takwas ko goma kafin ya karɓa.

Amfanin duk wannan a ranar yaye yake fitowa. Mun san yadda ake yi, dare ɗaya a shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai gidan kaka, shi kuwa in ban da nono da ɗura bai san komai ba. Ya yi kwana uku yana kuka ya ƙi ci, zawo ya biyo baya, kafin wata biyu gashi ya yi ja ya kwanta, ƙafa ta kumbura. Ya fi muni ga mai kwanika, wadda da ta ga ciki sai a sa ta cire yaro a ranar, wai nonon ya zama guba. Nonon mai ciki lafiyarsa ƙalau, in ba likita ne ya hana don wani dalili ba tana iya ci gaba, ita dai ta ƙara cin abinci. Wannan ciwo na kumburi wata likita mai suna Cicely Williams ce ta sanar da duniya sunansa a 1935, daga abin da ta gani a Ankara ta ƙasar Gana, inda ake cire yara daga nono a bar su da kunun masara zalla. Mutanen wurin suna kiransa kwashiyoko, ma'ana ciwon ɗan da aka ture don ƙani ya zo. Yaron da tun yana wata shida yake zama a kwano da mutane, ranar yaye nono kawai zai rasa, tuwonsa da wakensa suna nan ya saba da su.

Saura su Hajiya. Amarya, kada ki je gaban uwar mijinki da zancen wai Turawa sun ce, kin jawo wa kanki. Ki bari sai ana cin abinci, ki zaunar da shi a cinyarta, ki ce Hajiya ga mijinki nan yau ke zai taya ci, ki ajiye dafaffen dankali a gabansa. In ta ga ya damƙa ya kai baki, ita da kanta za ta fara ba maƙwabta labari. Maigida kuma a gaya masa cikin lalama, ranar kasuwa in ya sayo tsire na manya, ya haɗo da 'yar hanta ɗanya da busasshen kifi na ƙaramin. Ku kuma 'yan mata, ku ne ake bar wa ƙanne in an dawo daga makaranta, sau da yawa ma ku ake miƙa wa moɗar a ce ɗura masa. Ki ce Inna bari in gwada da cokali, ki zauna da shi a tabarma ki ba shi lokaci.

Duk ranar rigakafi ki tafi da katinsa, ki ce a ɗora shi a sikeli, a kuma auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, akwai madarar gyaɗa ta cikin leda da ake bayarwa dominta, kuma magani ce ta mai ciwon, ba ta rabawa da yayye ko kaiwa kasuwa ba. A gida ma kina iya dubawa, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babbar yatsa ki ƙirga uku, in kin ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, a ranar za a tafi asibiti, kada a jira ranar kasuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A shafa min kan yara.